Satifiket ɗin gidana ya mutu ina Yamai, ya zan yi?

Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da Home Assistant, manhajar sarrafa kayan lantarkin gida daga waya, a kan ƴar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 a gidana na unguwar Ali Ɗan Sofo, shi ke kunna injin da ke hawar da ruwa tanki, da fitilun ƙofar gida. Satin jiya na tafi Yamai sarin kaya, kwana biyu da zuwa waya ta ƙi shiga, wai satifiket ɗin tsaro, wato shaidar da waya ke dubawa kafin ta yarda ta shiga ta intanet, ya ƙare. Uwargida ta kira tana faɗa, tanki ya bushe ƙayau, yara na ɗaukar jarka zuwa maƙwabta. Satifiket ɗin na Let's Encrypt ne, ƙungiyar da ke ba da irin wannan satifiket, da hannuna na sa shi wata uku baya. Da can ana turo mini imel kafin ya mutu, wannan karon shiru. Ta yaya zan sa ido a kai, ya kuma riƙa sabunta kansa?

Mai sola: Wa alaikum salam Alhaji. Imel ɗin nan kada ka ƙara jiran sa, Let's Encrypt sun daina aika shi tun watan Yuni 2025. Satifiket ɗinsu kwana 90 yake yi, ana son a sabunta in ya rage kwana 30. Ƙarin Let's Encrypt na cikin Home Assistant kuma, wato ƴar manhajar da ke karɓo satifiket ɗin, ba ya tashi da kansa, sau ɗaya yake aiki ya kwanta. Rubuta masa umarni ya riƙa tashi kowane dare, in lokaci bai yi ba ba abin da zai taɓa. Bayan ya sabunta sai Home Assistant ya sake tashi, in ba haka ba tsohon zai ci gaba da nunawa. Wannan ya ci mini yini guda ina zagin rezo a banza.

Ɗan Damagaram: Yallaɓai, ka canza ruta, na'urar da ke raba intanet a gida, kwanan nan?

Mai tambaya: Na canza bayan sallar layya. Ƙofa 8123 kaɗai na buɗe a sabuwar rutar, wadda ake bi a shiga Home Assistant daga waje.

Ɗan Damagaram: To ga wata matsalar. In ta hanyar HTTP kake tantancewa, wato Let's Encrypt su leƙo na'urarka su tabbatar adireshin naka ne, dole ƙofa 80 ta zama a buɗe. Ni dai ban son barin ta a buɗe, na koma hanyar DNS, wadda ake tantancewa ta rajistar sunan adireshi ba sai an buɗe ƙofa ba: ƙarin DuckDNS yana yin ta, yana kuma sabuntawa da kansa. Don sa ido, akwai Certificate Expiry a cikin Home Assistant, ka ba shi sunan adireshinka ya nuna ranar ƙarewa. Ka sa ya turo saƙo waya in ya rage kwana 20, don a lokacin ka san sabuntawar ta kasa. Pi 4 kuma ba shi da batirin agogo, in wuta ta ɗauke ta dawo sai ya samu intanet kafin lokacinsa ya daidaita. Ɗan batirin ajiya ga Pi da ruta zai rage maka ciwon kai.

Hajiya mai shago: Alhaji, ni ban san satifiket ba. Amma injin ruwa babu makunni a bango? Ka tausaya wa baiwar Allah mana.

Mai tambaya: Hajiya kin yi gaskiya, gobe mai lantarki zai zo. Ɗan Damagaram, in na koma DuckDNS sai na cire ƙarin Let's Encrypt ɗin ne, ko su zauna tare?

Ɗan Damagaram: Cire shi. Su biyun fayil ɗaya suke rubutawa.