Teku Na Hagunmu: Musayar Waƙa Daga Seme Zuwa Elmina

Ɗan Fatake:
Salamu alaikum. Wata biyu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Ni da uwargida muna bin gaɓar teku a mota tun daga iyakar Seme da ke tsakanin Najeriya da Benin, yanzu haka muna Gana. Ga somin-taɓi, wanda ya ga gyara ya gyara.

Da sunan Allah na ɗau alƙalamina,
In ba ku labarin dukan yawona,
Da ni da wadda ke riƙe sirrina,
Muka bar gida don mu gano teku.

A Seme an doka mana hatimi,
Rana ta take, ga layi, ga gumi,
Na canza naira, sefa ta yi min tsami,
Guzurin wata ya koma sati uku.

Kwatano 'yan acaɓa rututu,
Riga ruwan ɗorawa, ba sa hutu,
Ciniki a Dantokpa ya fi ƙarfin karatu,
Na ɗaga yatsu: ga nawa, kawo naku.

Mun nufi yamma, ruwa na hagunmu,
In mun tsaya salla ya koma damanmu,
Ƙasaru muke, rugugi a kunnenmu,
Ban taɓa ganin ruwa mai fushin teku.

Uwargidan Ɗan Fatake:
Malam, ka faɗi naka, amma akwai inda ka tsallake da gangan.

Ka ba su fushin teku, ka ƙawata shi da kyau,
Naka abin ka binne, to ni ce mai tonawa.

A bakin ruwan Lome ka naɗe ƙafar wando,
Ka ce kai ɗan Kano ne, ka sha iyo a Challawa.

Igiya guda ta taso kamar katangar gidan sarki,
Sai ga ka can kan tudu, ba ka ko waiwayowa.

Takalminka na dama har yau yana wajen kifi,
Na hagun na cikin akwati, na adana don nunawa.

Dattijon Nima:
Maraba lale da baƙi, daga nan unguwar Nima ta birnin Accra. Amma ina da ƙorafi.

Kun ƙetare Aflao kun taka Gana,
Kun haye Volta ta Sogakope da rana,
Ba ku ce ina zango ba, 'ya'yana?

Kakana fatake ya biyo har Salaga,
Da jaki da kanwa da baƙar riga,
Ya zo sayen goro, ƙafa ta ƙi ɗaga.

Wannan waakye da ake sa wa a ganye,
Shinkafa da wake ce, sunan aka janye,
Ku faɗa mini, kun ɗanɗana ko kun cinye?

Uwargidan Ɗan Fatake:
Baba, a gafarce mu, mun shigo Nima da asuba,
Kiran salla ta ko'ina, kamar ina Agadasawa.

Wata mai koko da ƙosai ta dube ni ta yi murmushi,
Ta ce "ka zauna, ka sha", na juya ina dubawa.

Na zaci da Malam take, ashe ni ake nufi,
Mace da namiji a Hausarku ba a bambantawa.

Citta da barkonon kokon sai da suka sa ni hawaye,
Ta ƙara mini ludayi, kuɗi ta ce ba ta amsawa.

Waakye kuwa mun cinye, Baba, har da neman ƙari,
Malam ya lashe ganyen, ni ce na hana shi haɗiyewa.

Bazazzagi:
Ku dakata. Shagon Kwari a rufe wata biyu saboda kallon ruwa?

Bakano da yawon da babu riba?
Wannan batu ni ban gaskata ba.
Atamfar Makola ka je ka duba,
Teku fakewa ce, ba mu ruɗu ba.

Ɗan Fatake:
Turmi shida ne kacal, kuma duk na uwargida ne. Bazazzagi, kai da ko Legas ba ka taɓa takawa ba, zauna ka sha labari.

Talata muka sauka a Elmina,
Da kwaɗayin sabon kifi a raina,
Masunta na ɗinkin taru a rana,
Wai ran Talata ba a shiga teku.

Kwale-kwale jere, kowa da tutarsa,
Kowa da addu'ar da ya rubuta a jikinsa,
Na ci busasshen kifi da dokunu a gefensa,
Yaji ya tuna min yajin gidanku.

Ga wani farin gini bisa dutse,
Tun 1482 yake, na rantse,
Fotugal ta gina shi, zinariya ta tatse,
Kafin a koma jigilar bayi ta teku.

Abin da ke cikin ginin nan bakina ba zai iya ba. Uwargida, karɓi.

Uwargidan Ɗan Fatake:
Ɗakin mata aka kai mu, na shiga da bismilla,
Ba taga sai 'yar kafa, iska ba ta ratsawa.

Warin wurin yana nan, shekaru ba su kwashe shi ba,
Na dafa bango da hannu, na ji jikina na rawa.

Sama ga barandar gwamna tana kallon tsakar gida,
A jera mata a ƙasa, shi yana bisa yana zaɓowa.

Holan ta ƙwace ginin a 1637,
Tuta kawai aka canza, kurkuku ba a daina cikawa.

Ƙofar ƙarshe siririya, sai mutum ya karkata,
Bayanta jirgi ke jira, wanda ya fita ba ya dawowa.

Malam da ke ta surutu tun daga Seme ya yi tsit,
Ya cire hula ya riƙe, carbi kawai yake jawowa.

Baba, Salagar da ka faɗa ba goro kaɗai ta sayar ba,
Har da mutane a ɗaure, an koro su daga arewa.

Wataƙila akwai wata mai irin zanen fuskar kakata,
Ni na ga teku da ɗoki, ita ta gan ta ranar rabuwa.

Dattijon Nima:
Gaskiya kika faɗa, 'yata, ban musa ba,
Rijiyoyin wankan bayi a Salaga ba su ɓace ba,
Goron muke yawan faɗa, wancan ba mu cika taɓo shi ba.

In za ku koma gida, ku bi ta Kumasi ku hau arewa ku gani da idonku. Kuma ku biyo ta Nima tukuna, akwai tuwon da ke jiranku.

Bazazzagi:
Yau na ajiye tsokana, Hajiya, Allah Ya jiƙan waɗanda suka bi ta ƙofar nan. Amma gobe ina nan, kuma a sa mana hoton takalmin hagun.

Ɗan Fatake:
Amin. Baba, mun karɓi gayyata. Bazazzagi, hoton ba za ka gan shi ba.

Mun yanki tikitin Takoradi,
Mota za ta tashi ran Lahadi,
Na sayi silifa, uwargida na gadi,
Ta ce kar in kuskura in matsa kusa da teku.