Ta yaya kayan lambu za su kai tukunyar talaka a unguwar Nima da ke Accra, Ghana?

Hajiya Rabi, Nima:
Assalamu alaikum. Tumatir da alayyafo sun yi tsada har mata da yawa sun koma ga tumatirin gwangwani da taliyar leda. Wace hanya za mu bi?

Malam Sani, Maamobi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Yawancin albasarmu daga Nijar take zuwa, tumatirin rani kuwa daga Burkina Faso, kuma tun da aka mayar da kasuwar albasa daga Agbogbloshie da ke cikin Accra zuwa Adjen Kotoku da ke wajen gari a 2021, kuɗin mota ya hau kan ƴan sari, su kuma suka ɗora mana. Da matan layi ɗaya za su haɗa kuɗi kamar adashi su sayo buhu su raba, da kashin albasa ya yi auki.

Maman Zainab, Sabon Zango:
Gaskiya ne, Malam, amma wadda take neman na yau ba ta da abin zubawa. Ni na fi ganin a matsa wa shirin gwamnatin Ghana na ciyar da ɗalibai, wanda aka fara a 2005, ya riƙa sayen ganye daga manoman unguwar Dzorwulu a nan Accra, tun da ƴaƴan talakawa ne suke cin abincin.