Wardi irin na da zai kama a Daura?

Mai tambaya, Daura: Assalamu alaikum. Don Allah masana lambu, wardin nan mai ƙamshi da ake yin turare da shi a Ɗa'ifa, in an dasa shi a nan zai yi?

Malamin gona, Katsina: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wanda kike nufi Damask ne, daga Dimashƙ ya samo sunan. Yana cikin dangogin da ake kira na da, wato waɗanda aka sani kafin 1867, shekarar da wani mai lambu, Guillot, ya fitar da wardin zamani na farko, La France, a Faransa. Amma Ɗa'ifa bisa tsauni take. Sanyin can ne ke sa itacen ya huta, sannan ya yi fure sau ɗaya a shekara, wajen Maris da Afrilu, daidai lokacin da zafinmu ke kaiwa digiri 40. A nan zai yi ganye shar, fure kuwa sai ɗai-ɗai. Gara ki nemi dangin ƙasar Sin irin su Old Blush. Su ma na da ne, sun fi jure zafi, kuma suna ta maimaita fure.

Mai lambu, Ajiwa: Gaskiya ne, Malam. Hajiya, ki bari sai hunturu, Nuwamba zuwa Janairu. Ki yanko reshe mai kaurin fensir, tsawon santimita 20, ki bar masa ganye biyu a sama, ki soke rabinsa a ledar rairayi a inuwa, kina yayyafa ruwa. In ya yi saiwa sai a haƙa rami, faɗi da zurfi santimita 50. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, don haka a cuɗa ta da laka da bokiti ɗaya na takin shanu wanda ya ruɓe har ya yi baƙi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma janyo gara. A zaɓi inda ranar safe ke samunsa, katanga ta kare shi da la'asar. Kada a kai shi gindin bedi, saiwarta za ta shanye ruwan. Awaki ma ƙayar ba ta hana su ci, a yi shinge.

Malamin gona, Katsina: Sauran datsa, nan ake yawan ɓata shi. Damask a kan reshen bara yake fure, sai ya gama ake datse shi. Wanda ya datse kafin ya yi fure ya zubar da furen shekarar. Na Sin kuwa busassun rassa da furen da ya yi yaushi kawai ake cirewa. Ban ruwa a gindi da sassafe. Da damina in baƙin ɗigo ya fito a ganye, cuta ce da laima ke yaɗawa, a tsinke ganyen a ƙone, har wanda ya faɗi ƙasa.