Gishiri da seleniyam daga ban-ruwa: yaya ake rage su a Kogin Kolorado?

Ɗalibin Ruwa

Salamu alaikum, malamai. Akwai abin da ya shige mini duhu game da Kogin Kolorado na Amurka. An ce ban-ruwa ne ke kawo kusan kashi 37 cikin 100 na gishirin da ke cikinsa, alhali manoman da ke can sama da ruwa mai daɗi suke shayar da gonakinsu. To daga ina gishirin yake fitowa? Kuma me ya sa ake ambaton sinadarin seleniyam tare da shi, maganinsu ɗaya ne? Sannan idan aka ce a rage ruwan da ke nutsewa ƙasa, ai da shi ake wanke gishiri daga saiwar shuka. Yaya ake haɗa biyun?

Injiniyan Kanal

Wa alaikumus salam. Gishirin ba daga ruwan yake ba, daga abin da ke ƙarƙashin gonar yake. Kwarin Grand da na Uncompahgre da ƙasan Kogin Gunnison, duk a jihar Kolorado, suna zaune ne a kan wani dutsen laka da ake kira Mancos, wanda asalinsa tabon tsohon teku ne. Ruwan da shuka ta sha ba ya ɗauko komai. Wanda ya wuce saiwa, da wanda ke yoyo daga kanal ɗin ƙasa da kududdufan ajiya, shi ke ratsa wannan laka, ya narkar da gishiri da seleniyam, ya ɓullo a rafi.

Saboda haka aikin duka a kan wannan ruwan yake. Ana fara da auna kanal: a gwada yawan ruwa a baki da kuma ƙarshe, a cire wanda aka raba wa gonaki, abin da ya ɓace shi ne yoyo. Inda ya fi yawa can ake fara kashe kuɗi. Manyan kanal a shimfiɗa musu leda mai kauri a rufe da siminti, ƙananan rassa kuma a mayar da su cikin bututu. Bututun yana da wata riba: idan akwai gangare yana ba da matsin da zai tafiyar da na'urar yayyafi ba tare da injin ba. A gona kuwa, a daidaita ƙasa, a gajarta kunya, ko a koma yayyafi ko ɗigo.

An gwada wannan a yankin rafin Montrose Arroyo na kwarin Uncompahgre, inda aka sa wa rassa masu tsawon mil 8.5 bututu, seleniyam ɗin da ke fita ya ragu da kashi 28 cikin 100. Abin da ke ɓata aiki shi ne gyara kanal a bar manomi yana yi wa gona ambaliyar ruwa kamar da. Haka nan ledar da aka bari a rana ko dabbobi suka tattaka, nan da nan take hujewa.

Malama Mai Gwajin Ƙasa

Injiniya ya gama da kanal, bari in ɗauki tambayarka ta ƙarshe, ɗalibi, don a nan mutane suke ruɗewa. Ba a ce a daina wanke gishiri ba, cewa aka yi a wanke da awo. Lissafin shi ne: ka raba EC na ruwan (ma'aunin yawan gishiri, da dS/m ake faɗinsa) da abin da ya rage idan ka ninka EC ɗin da shukar ke jurewa sau biyar ka cire na ruwan. Ɗauki ruwa mai 1.2 dS/m, wato wajen miligiram 770 na gishiri a lita. Tumatir yana jure 2.5, ka ga 1.2 a raba da 11.3, kashi 11 cikin 100 ke nan na ruwan ya kamata ya wuce saiwa. Albasa ba ta da juriya, 1.2 ne iyakarta, tana buƙatar kashi 25. Alkama mai jure 6 kuwa kashi 4 ya ishe ta. Mai ambaliya yana iya nutsar da ninkin wannan sau da yawa, kuma rarar ba ta ƙara wa gonarsa komai.

Wannan lissafin ko a Kadawa ko Bakolori haka yake aiki, matuƙar magudanar da ke kwashe ruwan ba ta toshe ba. Idan ta toshe, ruwan ƙasa ya taso, rana ta busar da shi, gishirin ya dawo saman kunya. Kada kuma a ruɗe da jibsam: maganin ƙasa mai kanwa ne, ba ya cire gishiri.

Seleniyam yana da nasa hali. A cikin dutsen a ɗaure yake, sai iska ko naitiret sun taɓa shi ya koma selenet, wanda ke bin ruwa ba ya maƙalewa. Ma'ana takin zamanin da ya wuce kima yana kwance shi. Don haka a raba taki kashi-kashi, kuma kada a zuba shi a bi da ruwa mai yawa.

Baban Fadama

Malama ta faɗi gaskiya, sai dai ina so a ja kunne kan kududdufan busarwa, inda ake tara ruwan magudana rana ta busar da shi, domin shi ne kuskuren da ya fi tsada. A Kalifoniya an riƙa zuba ruwan magudanar San Luis a tafkin Kesterson, mai ɗauke da seleniyam wajen maikirogiram 300 a lita. Ya shiga gansakuka, ya shiga ƙwari, ya taru a ƙwan tsuntsaye. A 1983 aka fara ganin 'yan tsaki babu ido, ƙafafu da baki a murɗe, zuwa 1986 aka rufe magudanar. Gishiri yawansa a ruwa ake dubawa, seleniyam kuwa a jikin halitta yake taruwa. Shi ya sa ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 2016 ya fi dogara da ƙwan kifi, miligiram 15.1 a kilo na busasshen nauyi. Na ruwa kuwa maikirogiram 3.1 a mai gudu, 1.5 a na kwance. Lura da cewa ruwan kwance ya fi haɗari.

Dabarar da ta fi wannan ita ce ta yankin Grassland na Kalifoniya: a sake shayar da ciyawa mai jure gishiri da ruwan magudanar, yawansa ya ragu kafin a kai ga tacewa.

Injiniyan Kanal

Ƙarin bayani kaɗan. Ba duk gishirin ne na manoma ba, kusan rabi daga ƙasa da maɓuɓɓuga yake. A kwarin Paradox na jihar Kolorado tun 1996 ake zuƙe ruwan gishiri kafin ya shiga Kogin Dolores, a tura shi rijiya mai zurfin kusan kilomita 5, wajen tan 100,000 a shekara, har girgizar ƙasa ta Maris 2019 ta sa aka dakatar da ita na wani lokaci. Abin da ake karewa shi ne iyakokin gishirin da aka sa wa kogin: miligiram 723 a lita ƙasan madatsar Hoover, 747 ƙasan Parker, 879 a madatsar Imperial, da yarjejeniyar 1973 da Meksiko, wadda ta haifar da dokar rage gishirin kogin ta 1974. A lissafa kuma da wani kuɗin: idan aka toshe yoyo, fadamun da ke rayuwa da shi suna bushewa, kuma doka ta wajabta a samar wa namun daji madadinsu.