Muhawara: manhajar ƙari ko fomula, wanne ya fi wajen karanta jadawalin tanki a Excel?

Akanta: Ni dai ra'ayina, ba a buƙatar wata manhajar ƙari, wato add-in da ake ɗora wa Excel, don fitar da adadin da ya faɗo tsakanin layi biyu. Ɗauki jadawalin tankin gidan mai, wanda ke nuna lita nawa ne a kowane zurfi: santimita 120 lita 18,400 ne, 130 kuma 20,300. Sandar awo ta nuna 124. VLOOKUP mai TRUE, fomular da ke nemo adadi a jadawali, zai ja baya ya ba ka 18,400, alhali amsar 19,160 ce. Lita 760 sun ɓace a takarda. Maganin akwati biyu ne kawai. Zurfi a A2:A30, lita a B2:B30, awo a D2.
E2: =MATCH(D2,A2:A30,1)
F2: =FORECAST(D2,INDEX(B2:B30,E2):INDEX(B2:B30,E2+1),INDEX(A2:A30,E2):INDEX(A2:A30,E2+1))

Injiniya: Malam, fomularka tana aiki, amma miƙaƙƙen layi take ja. Tankin da ke kwance ba haka yake cika ba. Kusa da gindi faɗinsa ƙaruwa yake, don haka miƙaƙƙen layi zai zarce gaskiya. Kusa da baki kuma ya gaza. In tazarar jadawalin santimita 10 ce, can ƙasa kuskuren ba na wasa ba ne. Manhajojin ƙari irin su XlXtrFun ko SRS1 Cubic Spline suna bin lanƙwasar, kuma fomula ɗaya ce gajeriya da kowa zai iya karantawa.

Malama: Kafin mu kai ga lanƙwasa, Akanta, akwai rami a E2. In awo ya kai layin ƙarshe, MATCH zai ba da 29, E2+1 ya zama 30, sai saƙon kuskure na #REF!. Sa =MIN(MATCH(D2,A2:A30,1),28). Sai dai da wannan gyaran, awon da ya wuce jadawali zai samu amsa shiru, ba gargaɗi, don haka a ɗaure shi da IF. Layin A kuma dole ya tashi daga ƙarami zuwa babba. Kada kuma wani ya miƙa wa FORECAST jadawalin gaba ɗaya: layi guda zai ratsa ta tsakiyar duk adadin, ko a 120 ɗin ba zai ba ka 18,400 ba.

Mai gyaran kwamfuta: Injiniya, gajarta ba ita ce matsalar ba, tura fayil ne. Wanda ba shi da manhajar, da zarar Excel ya sake lissafi sai #NAME?. In manhajar nau'in fayil na .xlam ce, fomular takan ɗauko adireshin C:\ na kwamfutarka ta tafi da shi. In .xll ce, ta 32-bit ba ta hawa Excel na 64-bit, kuma tun 2023 Microsoft ke toshe .xll da aka sauko daga intanet sai ka shiga Properties ka danna Unblock. A waya kuwa ba ta tashi sam, kuma a waya masu gidajen mai da yawa ke duba rahoto.

Injiniya: Wannan na yarda. Amma ai ana iya kwafe sakamakon a liƙa shi a matsayin lambobi kafin turawa.

Akanta: To shi kenan mai bincike ba zai ga yadda aka samo lambar ba. Kuma lanƙwasar nan tana da nata aibin: kuskuren bugu a layi ɗaya yana karkatar da maƙwabtansa, har ta kan haura inda babu hawa. A nawa tsarin ɓarnar ba ta wuce tazara biyu.

Malama: Ku nemi jadawali mai tazarar santimita 1 daga waɗanda suka auna tankin, bambancin miƙaƙƙen layi da lanƙwasa zai ragu ƙwarai. Mai Microsoft 365 kuma ya naɗe fomular cikin LAMBDA ta Name Manager, wato ya ba ta suna ta zama fomula ɗaya gajeriya. Tana tafiya cikin fayil ɗin, amma Excel 2016 da 2019 ba su san ta ba.