Rani Ya Yi Zango a Ƙirjina

Talatu ta Sabon Gari

Salama gare ku, ƴan'uwa. Na daɗe ban sa baki a nan ba. Wata bakwai ke nan da rasuwar innata, tun ran nan addu'a ta daina yi mini daɗi. Ina zuwa sujada, ina zama a bencin mata, ina buɗe baki tare da kowa, amma kamar mai tauna ƙaiƙayi. Na kasa faɗa wa fasto, shi ya sa na zuba shi a waƙa. Mai amsawa ya amsa da baiti, don Allah kada a yi mini wa'azi.

Rani ya yi zango cikin ƙirjina,
Wata bakwai bai ɗaure kayansa ba.

Na kai bidona layin addu'a,
Pampo na ta tari, ruwa bai zo ba.

Da ni ke ɗaga waƙa ranar Lahadi,
Yau ga ni bebiya, ban san dalili ba.

Na buɗe Zabura inda Inna ta lanƙwasa,
Baƙaƙe na gani, muryarka ban ji ba.

In kana ƙaunata kamar yadda aka ce,
Don me hadari bai biyo ta kaina ba?

Ishaya mai kabu-kabu

Yaya Talatu, ki share hawaye,
Hadarin gabas yana nan tahowa.

Iliya ya aiki yaronsa duban sama,
Sau shida yana zuwa yana dawowa.

A na bakwai ga girgije kamar tafin hannu,
Kafin a ɗaura doki sama na zubowa.

Watanki bakwai, lissafi ya cika,
Gobe war haka ke ce mai rerawa!

Talatu ta Sabon Gari

Ishaya ƙanena, bakinka da zuma,
Amma Allah bai ba ka ajiyar kalandarsa ba.

Shekara uku da rabi sama ta kulle,
Rafin da Iliya ya sha ma bai ƙi ƙafewa ba.

In gobe ta zo maƙogwaro na bushe,
Sai a ce Talatu ba ta ba da gaskiya ba?

Baba Bulus na Birni

Jikata ce ke danna mini wayar, idona ya yi rauni. Ɗiyata, kin yi daidai da kika tare yaron nan, ko da yake da zuciya ɗaya ya yi magana. Ni manomi ne kafin in zama ɗan birni, saboda haka gawo zan kawo miki. Duk itacen dajin nan da damina yake ado, shi kaɗai ke tuɓewa. Sai an kai hatsi rumbu, hunturu ya kama, sannan ya fito da ganye, ya zubo wa awaki ƴaƴa lokacin da ba ko tsinken ciyawa. Ba banza ba sarakunan Damagaram na da suka hana a sare shi. Mu ma Kirista haka muke a garin nan. Tun 1924 da ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Zinder ba mu taɓa yawa ba, shekara ɗari ta wuce, ga mu nan dai.

Ɗiyata, ki bi hanyar Matamaye,
Ki tsaya ki dubi gawo a gonakinsa.

Damina ta zuba, kowa ya yi kore,
Shi ko ya kaɗe ganye, ya bar ƙayarsa.

Baƙo ya gani ya ce itacen ya mutu,
Ya wasa gatari zai kai wa gindinsa.

Mai gona ya ce, kul, ajiye gatarin nan,
Dubi zangarniyar da ke ƙarƙashinsa.

Saiwa tana can inda ido bai kai ba,
Tana shan ruwan da Allah ya ajiye masa.

Wata bakwai kina cewa ba kya jin komai,
Wa ke kai ki bencin nan in ba hannunsa?

Inna Rahila mai atamfa

Baba ya gama magana, amma bari in sa tawa, don ni ta wata ƙofa abin ya shigo mini. Wanda yake garin nan ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, ran da aka ƙona majami'u, ya san abin da nake nufi. Maƙwabciyata, Hajiya ce, ita ta ja ni da yara zuwa ƙuryar ɗakinta, ta zauna a bakin ƙofa da carbinta har dare. Allah ya saka mata.

Ni dai ba rani ne ya so halaka ni ba,
Kaka ce, ran da rumbu ya cika har baki.

Alhamis a kasuwar Dole ciniki na gudu,
Lahadi ta zo na ce, Ubangiji, ina da aiki.

Addu'ata ta koma ƙirgen jikkuna,
Na bar Littafi ƙura na ci a ɗaki.

Sai ga Juma'ar nan, mun fito ba takalmi,
Inda muke sujada ya koma hayaƙi.

Da muka sake taruwa, ba benci, ba ganga,
Waƙar ran nan ta fi kowace zaƙi.

Ban ce wuta alheri ce ba, Talatu,
Amma toka a gona takan zama taki.

Talatu ta Sabon Gari

Inna, na ji, kuma na tuna ran nan, ina cikin waɗanda suka rera. Amma duba bambancin.

Ke cikin wuta kin ji zaƙin waƙa,
Ni ba wuta, ba zaƙi, ban ji komai ba.

Da zafi ne da na san inda zan shafa,
Shiru ne, Inna, ban san maganinsa ba.

Mushe Yohanna, malamin makaranta

Kafin in shiga, Ishaya, baitinka na uku ya fi sauran tsawo da taku biyu, kamar ka ɗauko fasinja uku a babur ɗaya. A gyara. Talatu, tambayarki ta ƙarshe ita ce mai wuya, kuma ba na jin an amsa ta tukuna. Na yi shekara shida ina koyarwa a wani ƙauye wajen Tanut. A can ruwa ba shi da alkawari, mutane ba sa jira ya sauka, a busasshiyar ƙasa suke shuka. Na ga wani dattijo ya buɗe ƙullin iri a watan Mayu, matarsa ta juya baya don kada ta gani, saboda abin da zai zuba a rami shi ne zai iya zama furar kwana uku. Tun ran nan na daina karanta Zabura 126 da sauri, wurin masu shuka da hawaye.

A Damargu manomi ba ya jiran hadari,
Ƙasa na ƙuna yake fita yin binne.

Tiya ta ƙarshe, yara na kallon ta,
Ya zuba a rami da zuciya a ƙone.

Wani sa'in a yi yayyafi a ɗauke,
Iri ya ruɓe, ko zabi su tone.

Ya sake komawa, ba don ya ga alama ba,
Don ya san Mai damina ko wane ne.

Habakuk ya ce ko ɓaure bai yi toho ba,
Ko turke ba sa, murnarsa Allah ne.

Zuwanki sujada da baki busasshe,
Ƙanwata, shi ma wani irin binne ne.

Ishaya mai kabu-kabu

Mushe, na karɓi bulala. Fasinja uku kuwa, ai kai ma ka taɓa zama na ukun.

Yaya, na yi azarɓaɓi, ki yafe,
Ɗan shekara biyu da baftisma ne ni.

Damina ta fari nake ci har yanzu,
Rijiyata ba ta taɓa sanin rani.

Ran da tawa ta ƙafe zan zo gidanki,
Kada ki ba ni lissafi irin nawa, ki zauna da ni.

Baba Bulus na Birni

Yaron nan zai yi hankali. Ɗiyata, abu ɗaya na rage miki ɗazu. Da uwar ƴaƴana ta rasu, shekara biyu ban iya addu'ar da ta wuce "Ya Uba" ba. Daga nan sai in yi shiru, in zauna a kan buzu har shayi ya huce. Ba ranar da zan nuna miki in ce ga ran da abin ya sake ni. Yadda sanyin hunturu ke janyewa ne, sai dai ka farga ka daina neman bargo. Takwarana Manzo Bulus ya yi wani lissafi a Romawa sura 8, shi na riƙe a lokacin.

Takwarana ya jera masu raba mu da ƙauna,
Ya kira su ɗaya ɗaya, ya ce ba su isa ba.

Mutuwa da rai, na yau da na gobe,
Tsawo da zurfi, bai bar ko ɗaya ba.

Innarki ta tafi, mutuwa na cikin jerin,
Ta ɗauke ta, amma ba ta ɗauke ki daga hannunsa ba.

Shirun da kike ji, ni ma na sha shi,
Uwa mai goyo ba kullum take magana ba.

Talatu ta Sabon Gari

Baba, wannan na ƙarshen ya sa na ajiye waya na ɗan fita tsakar gida. Innata haka take, in tana daka da goyo ba ta cewa uffan, sai dai ka ji ɗumin bayanta. Na gode muku duka. Ba zan yi muku ƙarya in ce gari ya waye ba.

Har yanzu pampo tari yake yi,
Amma ban ɗauke bidona daga layi ba.

Ganyen gawo ban gan shi a kaina ba tukuna,
Gatarin dai na ajiye, ban sara ba.

Zaburar Inna na bar ta a lanƙwashe,
Gobe zan sake buɗewa, ko ban ji ba.

Ishaya, ranar Asabar akwai koyon waƙa na zumuntar mata. Ka zo ka kai ni. Ba zan ɗaga waƙa ba, kada kowa ya roƙe ni, caki kawai zan riƙe a baya.

Ishaya mai kabu-kabu

Ƙarfe huɗu ina ƙofar gida, Yaya. Kuɗin mai baiti biyu ne, kuma Mushe ne zai duba su kafin in tayar da babur.