Shakazobar gaban Corolla ta mutu: zan iya canza ta da kaina a gida?

Malamin makaranta, unguwar Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005, ƴar Kwatano ce, na saye ta hannu shekara huɗu da suka wuce, kuma kusan kowane ƙarshen mako da ita nake zuwa gaida iyayena a wani ƙauye bayan Madarunfa, inda kwalta take ƙarewa a shiga birji da rairayi. Tun da damina ta ɗauke na lura motar ta sauya hali. Idan na hau tudun rage gudu sai gabanta ya yi ta lilo sau biyu ko uku kafin ya natsu, idan na taka birki da ɗan ƙarfi sai ta duƙa kamar za ta durƙusa, sannan a kan birji akwai wata ƙara da nake ji daga ɓangaren dama. Da na juya sitiyari na leƙa, na tarar jikin shakazobar dama ya jiƙe da mai har ƙura ta kama shi ta yi baƙi, tayar wannan ɓangaren kuma ta ci rami-rami maimakon ta ci baki ɗaya.

Ni nake canza man inji da takalmin birki da kaina, ina da sifanoni da jak ɗin da ya zo da motar. Abin da ya sa nake son yin wannan aikin ma da hannuna shi ne, shekara biyu da suka wuce na biya kuɗin sababbin shakazoba na baya a wani gareji, daga baya na gane tsofaffi ne aka wanke aka fesa musu fenti, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ina roƙon waɗanda suka san aikin su gaya mini ko mutum irina zai iya yin sa a tsakar gida, ko ta dama kaɗai zan canza tunda ita ce ke zubar da mai, da kuma yadda ake yi da sifirin.

Tsohon bakanike, Sabon Gari

Wa alaikumus salam Malam. Aikin ya kasu biyu, rabinsa za ka iya, ɗaya rabin kuma ina roƙonka don Allah kada ka taɓa shi da kayan da ka lissafa.

Shakazobar gaban motarka irin wadda ake kira MacPherson ce, wato shakazoba da sifirin da hular sama a haɗe suke wuri ɗaya, kuma ita ce ke riƙe da ƙafar motar ta sama, tana juyawa tare da sitiyari. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota. Aikin shakazoba hana shi lilo ne, ta hanyar tura mai ta cikin ƙananan ƙofofi a duk lokacin da ƙafar ta hau ko ta sauka, shi ya sa da zarar man ya tsiyaye sai ka ga motar tana rawa, taya tana tsalle a kan hanya tana cin rami-rami kamar yadda ka gani. Ko da ka ciro ƙafar gaba ɗaya ka ajiye ta a ƙasa, sifirin nan a matse yake da ƙarfin da ya kai nauyin ɗaruruwan kilo, kuma noti guda ne tak, wanda ke tsakiyar hular sama, yake tare shi. Wanda ya kwance wannan notin ba tare da ya matse sifirin da ƙarfen da aka yi domin haka ba, hular za ta tashi kamar an harba ta. Ina yaron gareji na ga an ɗaure sifirin da waya da igiya, wayar ta tsinke, hular ta fasa kwanon rumfar da muke aiki a ƙarƙashinta, kuma tazarar da ke tsakaninta da fuskar mai aikin ba ta kai taƙi ɗaya ba. Har yau idan na ga yaro ya sunkuya a kan sifirin sai gabana ya faɗi.

Saboda haka ka ciro ƙafafun biyu a gida, ka ɗauke su tare da sababbin da ka saya da hannunka, ka kai wa bakaniken da ke da ƙarfen matse sifirin, ya sauya maka kana tsaye a kansa, ka dawo ka ɗaura da kanka. Ta haka babu wanda zai musanya maka kaya.

Wajen ɗaga motar ma akwai magana, domin tsakar gidajenmu na Maradi yashi ne, jak kuwa nutsewa yake yi a yashi ko ya zame. Ka nemi wuri mai siminti, in babu ka shimfiɗa katako mai kauri. Ka ja birkin hannu, ka toshe tayoyin baya, ka sassauta notocin taya tun motar tana ƙasa, sannan ka ɗaga gaban duka biyu ka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe ko guntun itace mai ƙwari. Kada ka yarda da bulon siminti, domin yana dagargajewa ba tare da ya yi maka gargaɗi ba. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin motar. Daga nan sai ka kwance maƙalin tiyon birki daga jikin shakazoba, da wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, idan motarka tana da ita, da ƙaramin ƙarfen da ya haɗa shakazobar da sandar da ke hana mota karkata a kwana. Sai manyan kusoshi biyu na ƙasa, waɗanda ya kamata ka fesa musu man sassauta tsatsa tun daren jiya. Idan suka fita, ka tokare ƙarfen da taya ke zama a kansa kada ya faɗo waje, don kada ya ja tiyon birki ko ya zaro sandar da ke kawo ƙarfin inji ga taya daga mazauninta. Notoci uku na sama, waɗanda za ka gani idan ka buɗe murfin inji, su ne na ƙarshe, kuma ka sa wani ya riƙe maka ƙafar ta ƙasa kafin na ukun ya fita. Na tsakiya, ka ji na sake faɗa, ba naka ba ne.

Biyun za ka canza. Sabuwa a dama da gajiyayya a hagu suna sa mota ta riƙa karkata a birki da kwana, kuma wadda ta rage ba za ta daɗe ba tunda hanya ɗaya suka bi.

Direban hanyar Dakoro

Baba ya gama magana a kan aikin, ni kan sayen kaya zan tsaya. Malam, mu da muke bin hanya kullum da lodi mun san cewa ba kowane abu mai sabon kwali ba ne sabo, kuma ba kowace ta hannu ce matacciya ba. Na taɓa sayen sabuwa mai arha da ba ta kai wata uku ba, na kuma taɓa samun ta hannu ta asali da ta yi mini fiye da shekara. Duk da haka, ga mai motar gida irinka da ba kullum yake son kwance ƙafa ba, ina ganin ka daure ka sayi sabuwa ta kamfanin da aka sani, kamar KYB ko Monroe ko Sachs, a shagon da zai yarda ka mayar idan ba ta yi ba. Ka duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta yi daidai da ta kwalin, ka kuma sani ta dama daban ta hagu daban, domin maƙalan da ke jikinsu ba ɓangare ɗaya suke kallo ba.

Kafin ka biya, ka tsayar da ita a miƙe ka danna sandar ƙasa. Ya kamata ka ji tana turjewa daidai daga sama har ƙasa, ba tare da wani wurin da za ta zurma babu nauyi ba, kuma idan mai gas ce za ta dawo sama da kanta a hankali. Ka shafa sandar da yatsa, idan ka ji kaushi ko tsatsa ka ajiye ta. Abin da mutane suka fi rainawa shi ne robar da ke rufe sandar, alhali a ƙasar nan ita ce ran shakazoba, domin ƙurar hunturu da yashi idan suka hau sandar su ke cinye robar bakin da ke tare mai. Ka sayi sabuwarta tare da robar da ke hana ƙafa bugawa idan ta kai ƙarshe.

Ɗalibin koyon kanikanci, Zariya

Ina neman izinin Baba in ƙara abu kaɗan. Malam, ƙarar da kake ji a kan birji ba lallai daga shakazobar take ba, sau da yawa daga ƙaramin ƙarfen nan ne da Baba ya ambata, ko daga hular sama idan robarta ta tsage ko boris ɗinta ya ci. Tunda za a buɗe, ka juya hular da hannu, idan ka ji tana gurzawa ka canza ta a lokacin, don kada a sake matse sifirin karo na biyu. Ka tsaya kuma ka ga cewa bakin sifirin ya zauna a gurbinsa na ƙasa, kuma kada ka bari a kama sandar mai sheƙi da filaya wajen ɗaure notin tsakiya, domin tabo ɗaya ya isa ya sa sabuwa ta fara zubar da mai.

Wajen ɗaurewa, ka ari sifana mai awon ƙarfi. Notocin tayar Corolla a kan 103 Nm ake ɗaure su (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar), manyan kusoshin ƙasa sun fi haka, na sama kuma ba su kai rabin haka ba, kuma awon kowane yana cikin littafin gyaran motar. Bayan an gama, dole ka kai ta a yi saitin ƙafafu, saboda kusoshin nan biyu na ƙasa suna da hannu a yadda taya take tsayuwa, kuma ɗan kaucewar da ido ba ya gani yana iya cinye taya cikin ƴan watanni. Tsohuwar shakazoba kuma kada a jefa ta wuta ko a bar yara su yi wasa da ita, akwai gas a matse a cikinta.

Malamin makaranta, unguwar Ali Ɗan Sofo

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ranar Asabar na yi aikin tare da ƙanena a kan simintin ƙofar gidan maƙwabcina. Kusa ɗaya ta ƙasa a ɓangaren hagu ta ƙi motsi har sai da muka zura bututun ƙarfe a kan sifanar muka ƙara mata tsawo, ita kaɗai ta ci mana kusan awa guda. Da aka matse sifirin a gareji aka buɗe, shakazobar dama da yatsa biyu na danna ta ta zurma har ƙasa ba ta dawo ba, ta hagun ma da nake zaton lafiyarta lau ta yi laushi sosai, robar da ke rufe sandarta kuma ta yage gida uku. Hular dama tana gurzawa kamar yadda ɗan'uwanmu ɗalibi ya ce, na canza duka biyun. Jiya na je gida na dawo, lilon ya tafi, ƙarar ma babu ita. Abin da ya rage shi ne sitiyarin ya ɗan karkata hagu idan ina tafiya a miƙe, kuma ban kai ta saiti ba tukuna.

Tsohon bakanike, Sabon Gari

Madalla Malam, Allah ya sa albarka. Karkatar sitiyarin saitin ne, ka kai ta cikin makon nan kafin ka sake ɗaukar doguwar hanya, kuma ka sa a duba iskar tayoyin kafin a fara. Tayar da ta riga ta ci rami-rami ba za ta gyaru ba, za ta ci gaba da gunji a kan kwalta, don haka idan da hali ka sauya ta. Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notocin taya da manyan kusoshin nan da sifana, sannan ka leƙa ka tabbata tiyon birki ba ya gugar komai idan ka juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu.